Na biya dala 450 a auna mini damar 'yata ta shiga makarantar kasuwanci a Amurka

Bari in fara da hukuncina, saboda wanda ba shi da lokacin karantawa har ƙarshe. Ƙaramin aikin da kamfanin nan ke yi, wato zama ɗaya da rahoto ɗaya, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Babban kunshin da suke ta tallata wa iyaye kuwa ban saya ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya saya. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin akwai abubuwan da zan soka, kuma irinsa sun cika ƙasar nan. Abin da na gani wurinsu kuna iya cin karo da shi wurin kowanne.

A jihar Ohayo muke zaune. Ni ma'aikaciyar jinya ce, maigidana kuma yana da motocin kai kaya guda biyu, yana tuƙa ɗaya, wani yana tuƙa masa ɗayar. Daga ni har shi babu wanda ya yi digirin farko a ƙasar nan, saboda haka yadda ake neman gurbin jami'a a Amurka baƙon abu ne gare mu. Babbar 'yarmu tana dab da gama aji 11 a makarantar gwamnati (aji 12 ne na ƙarshen sakandare a nan) lokacin da ta kafe cewa ita fa kasuwanci za ta karanta, ɓangaren harkar kuɗi, kuma ba a kowace jami'a ba. Malamar da ke ba ɗalibai shawara a makarantarsu mutuniyar kirki ce, amma yara sun yi mata yawa. In ka samu minti goma sha biyar da ita, ka gode Allah.

Ga abin da ake saye da dala 450 ɗin. Ana buɗe maka shafi a intanet, ka ɗora takardar sakamakon ɗalibi tun daga aji 9, da takardar da makaranta ke fitarwa mai bayanin darussan da take koyarwa, da makin SAT ko ACT, wato jarrabawar neman shiga jami'a, da jerin abubuwan da yaro ke yi bayan an tashi daga makaranta, da sunayen jami'o'in da yake hange. Daga nan sai zaman awa ɗaya da rabi ta Zoom, iyaye da ɗalibi da mai ba da shawara. Bayan kwana goma rahoto a rubuce ya iso. Shi ke nan. Ba su duba rubutun ɗalibi, ba su cike fom, ba su kiran kowa a madadinka.

Kafin in biya sai da na bincika matar da za a haɗa mu da ita. Duk wanda ya ga abin kunyar da ya faru a 2019, lokacin da aka kama Rick Singer da iyayen da suka biya shi ya saya wa 'ya'yansu gurbi ta bayan gida, ba zai miƙa takardun ɗansa ga wanda bai sani ba. Matar ta yi shekaru tana karanta takardun masu neman shiga a wata jami'a, kuma sunanta yana cikin rajistar IECA, ƙungiyar masu wannan sana'a, wadda ta hana mambobinta yi wa kowa alƙawarin samun gurbi ko rubuta wa ɗalibi rubutunsa. Wannan binciken bai ci mini rabin awa ba, kuma kyauta ne.

Makin 'yata ga shi: GPA, wato matsakaicin makin darussanta, 3.86 cikin 4, ba tare da ƙarin da ake yi wa darussa masu wuya ba. SAT 1440 cikin 1600, lissafi 710. Darussan AP, masu matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, guda biyar zuwa ƙarshen aji 11. Tana cikin ƙungiyar DECA ta makarantarsu, ta ɗalibai masu sha'awar kasuwanci, tana kuma aikin karɓar kuɗi a wani babban kanti a ƙarshen mako. Jerin makarantun kasuwancin da ta rubuta: Wharton, Stern, Ross, Haas, McCombs. Babanta ya karɓi biro ya ƙara Harvard a sama.

Da Harvard ɗin matar ta fara, cikin ladabi. Ta ce makarantar kasuwanci ta Harvard ba ta ɗaukar 'yan digirin farko, sai wanda ya riga ya gama digiri. Haka Stanford, haka Yale. Wanda ya shiga can yana son wannan fanni, tattalin arziki yake karantawa. Maigida ya gyara zama ya ce, "To, a goge." Aka goge.

Daga nan ta ɗora takardar sakamakon a kan allo. Na zaci jimillar makin za ta duba. Sai ta bi layin lissafi kawai, shekara bayan shekara, har ta kai kan darussan da yarinyar ta zaɓa na aji 12. Ta tsaya a nan. Ta tambaye ta me ya sa ta ɗauki darasin ƙididdiga ta bar kalkulus, wani reshen lissafi mai zurfi. 'Yata ta ce kowa ya gaya mata ƙididdiga ta fi amfani ga ɗan kasuwa, kuma ta fi sauƙin samun A. Matar ta ce duka biyun gaskiya ne, amma mai karanta takardarki a Wharton ba abin da yake nema ke nan ba. Digirin da Wharton ke bayarwa ma na kimiyyar tattalin arziki ne, kuma jami'ar Fensilbaniya ta rubuta ƙarara cewa tana son mai neman Wharton ya zo da ƙarfi a lissafi, har da kalkulus. Ta ce B a kalkulus ya fi A a ƙididdiga amfani a wannan jerin, kuma in makarantarku na koyar da shi kika ƙi ɗauka, za a gani, domin takardar bayanin makarantar tana gaban mai karantawa. Lokacin saura 'yan kwanaki a rufe canjin darussa. Washegari yarinyar ta je ofis aka canja mata zuwa AP Calculus AB. In da a ce wannan kaɗai na samu a zaman, da ban yi kukan kuɗina ba.

Abin da ya fi buɗe mini ido shi ne bayanin da ta yi cewa waɗannan makarantu ba hanya ɗaya ake bi a shige su ba. Mu a gida muna ta tambayar "wace ce ta fi wuya", ashe tambayar da ta kamata ita ce wace hanya kowacce ta buɗe wa ɗalibi irin namu. Wharton, wadda Joseph Wharton ya kafa a 1881 a Filadelfiya, tun a fom ɗin jami'ar Fensilbaniya kake zaɓenta, kuma a kanta za a yanke maka hukunci. Stern ta jami'ar New York haka take. Ross ta jami'ar Mishigan tana neman ƙarin aiki nata na daban: ɗalibi ya ɗauko wata matsala da ya gani a inda yake, ya rubuta yadda za a warware ta ta fuskar kasuwanci, sannan ya ɗora wani abu da hannunsa ya yi, ya bayyana abin da ya koya daga gare shi. McIntire ta jami'ar Bajiniya kuwa sai ka fara shiga jami'ar, ka yi karatu, sannan ka sake nema daga ciki, kuma ana iya ƙin ka. Ma'ana ka biya kuɗin shekara guda ba ka da tabbacin fannin da ya kai ka.

Haas ta Berkeley ta daɗe tana irin wannan tsari na shekara biyu, sai a 2024 ta fara ɗaukar ɗalibai kai tsaye daga sakandare a shirin shekara huɗu. Amma rassan Jami'ar Kalifoniya, da Berkeley ke cikinsu, ba su amfani da Common App, wato fom ɗin bai-ɗaya da jami'o'i da yawa ke karɓa, fom ɗinsu daban, ana amsa tambayoyi huɗu cikin takwas, kowace amsa kalma 350, kuma ba su duba SAT ko ACT sam. Matar ta ce wa 'yata, makin 1440 da kika sha wuya a kansa, a can ko kallonsa ba za a yi ba. McCombs ta jami'ar Teksas da ke Austin ita ce ta fi ba ni mamaki. Dokar jihar ta tanadi kashi 90 cikin 100 na guraben sababbin ɗalibai ga 'yan jihar. Su kansu 'yan Teksas da ke saman ajinsu, waɗanda doka ta ba shiga jami'ar kai tsaye, dokar ba ta ba su McCombs ba, sai sun yi takara. To ina ga 'yar Ohayo da za ta nemi rabo cikin ragowar kashi 10, tare da duk sauran jihohi da ƙasashen waje? Ban taɓa jin wannan ba, kuma na yi watanni ina karance-karance.

Sai muka zo kan abin da na biya kuɗi dominsa. Na tambaye ta kai tsaye: kashi nawa cikin ɗari 'yata ke da shi a Wharton? Ta ƙi ba ni lamba. A lokacin abin ya ɗan sosa mini rai, domin akwai shafukan intanet da ke ba ka lamba kyauta, ka zuba maki su fitar maka da kashi kaza. Mun gwada biyu, amsoshinsu sun yi hannun riga. Dalilinta na ƙi shi ne wannan: jami'ar Fensilbaniya tana ɗaukar wajen mutum biyar zuwa shida cikin kowane ɗari da suka nema, kuma cikin waɗannan akwai 'yan wasan da masu horarwa suka zaɓo, da waɗanda suka nema da wuri bisa alƙawarin zuwa in an ɗauke su, da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai. Abin da ya rage wa yarinyar da ba ta cikin ko ɗaya bai kai lambar da ake bugawa ba. Sannan yawancin jami'o'i lambar jami'a baki ɗaya suke fitarwa, alhali sashen kasuwancin sau da yawa ya fi sauran sassan tsauri. Ta ce duk wanda ya ce miki kashi 12 ko kashi 17, ƙirƙira ya yi.

Abin da ta yi a maimakon haka shi ne raba makarantun gida uku. Akwai waɗanda ko da takardar yarinya ta fi haka kyau ba a sa rai, sai dai a gwada sa'a; nan ta sa Wharton da Haas da McCombs. Akwai waɗanda za a iya samu in komai ya tafi daidai, amma ƙin ya fi samun kusa. Nan ta sa Stern da Ross, ta ce makin lissafin SAT yana buƙatar hawa. Gida na uku, wanda ake sa rai sosai, babu ko makaranta ɗaya daga jerin 'yata a ciki. Ta juya allon ta nuna mata wurin fayau. Yarinyar ta yi shiru, na ga idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Umma, ke nan duk wahalar da na sha ta banza ce?" Matar ba ta lallashe ta da ƙarya ba. Ta ce wahalarki ita ce ta sa ake maganar Ross da ke, amma jerin da babu inda ake da tabbas ba jeri ba ne, kuma ta ga ɗalibai masu maki fiye da nata sun kai watan Afrilu babu ko takarda ɗaya a hannu. Na ji zafin maganar a matsayina na uwa, amma na fi son a faɗa mata a watan Mayun aji 11 da a bar ta ta gano da kanta bayan shekara guda.

Ta kuma koya mana abubuwa biyu da za mu iya dubawa da kanmu. Kusan kowace jami'a tana buga wata takarda da ake kira Common Data Set. A sashe na C7 jami'ar da kanta take faɗin abin da ta fi ba nauyi, ko wuyar darussa, ko maki, ko rubutu, ko wasiƙun malamai. A C9 kuma akwai makin jarrabawar waɗanda ta ɗauka. Na biyun shi ne taswirar Naviance ta makarantar 'yata, mai nuna ɗigo-ɗigon ɗaliban makarantar da suka nemi wata jami'a a shekarun baya, kore an ɗauka, ja an ƙi. Ta ja mana kunne cewa ɗigon ba ya faɗin fannin da ɗalibin ya nema. Koren da kike gani a Mishigan yana iya zama na mai karanta tarihi ne.

Wuri na biyu da matar ta nuna ta san aikinta shi ne jerin ayyukan ɗaliba. Common App yana ba da gurbi goma, kowanne da bayanin da bai wuce harafi 150 ba. 'Yata ta cike takwas, har da wata ƙungiyar da ta halarci taronta sau ƙalilan. Matar ta bi su da sauri ba ta ce komai ba, sai ta tambaya: in kin dawo gida da yamma, me kike yi wanda ba aikin makaranta ba? Yarinyar ta ɗan yi jim, ta ce ba komai, sai dai tana taya Abba lissafin motoci. Matar ta ce wane irin lissafi? A nan ne maigida ya karɓe zancen. Tun tana aji 9 ita ke shigar da rasit ɗin mai da na gyara da kuɗin hanya a kwamfuta, domin shi a cikin kwalin takalmi yake tara su. Ita ce ta gano cewa wani aikin kai kaya da yake yi zuwa wani gari mai nisan awa biyu, wanda yake alfahari da shi saboda ana biya da kyau, asara yake jawowa, domin motar tana dawowa babu kaya kuma direban yana cin kuɗin ƙarin lokaci. Ta nuna masa a rubuce, ya yi gardama, daga baya ya koma ya nemi a ƙara farashi, aka ƙara.

Matar ta ajiye bironta ta ce, wannan ba ya cikin jerin? 'Yata ta ce ai ba ƙungiya ba ce, babu takardar shaida, babu muƙami. Ta ce mata mai karanta takardu a makarantar kasuwanci yana ganin shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai irin su DECA da FBLA har ya gaji, amma yarinyar da ta gano asara a ainihin kasuwanci ta kuma shawo kan mai kasuwancin, ba kullum yake gani ba. Ta ce wannan ne zai hau lamba ɗaya, aikin kanti ya biyo baya, kuma shafin lissafin nan shi ne abin da za ta ɗora wa Ross. Mu da muke gida ɗaya da ita shekara uku muna kallon abin a matsayin taimakon uba kawai.

Kan rubutun bayanin kai mai kalma 650 ba ta daɗe ba, tunda ba ya cikin abin da muka biya. Na tambaye ta game da hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yunin 2023, wanda ya hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Ta ce hukuncin bai hana ɗalibi ya rubuta yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa ba. 'Yata ta ce ita ba ta son rubuta labarin 'yar baƙin haure da ta sha wuya, domin ba ta sha wata wuya ba. Matar ta yi dariya ta ce to kada ki rubuta.

Yanzu ga inda aikin ya yi rauni, kuma raunin ba ƙarami ba ne: maganar kuɗi. A awa ɗaya da rabi ba a yi minti biyar a kanta ba. Matar ta fi karkata ga cewa 'yata ta nemi Stern da wuri bisa alƙawari, tsarin da suke kira ED a taƙaice, wanda ake rufewa 1 ga Nuwamba. Gaskiya ne a jami'o'i da yawa an fi ɗaukar masu bin wannan hanya. Amma sharaɗinsa shi ne in an ɗauke ka dole ka je, ka janye duk sauran takardunka, ɗalibi da iyaye da malamar makaranta duk sai sun sa hannu. Ba za ka ga tayin tallafin wata jami'a ba balle ka kwatanta. Kuma kuɗin shekara guda a jami'ar New York ko ta Fensilbaniya, in an haɗa da ɗaki da abinci, ya haura dala 90,000. Ba ta tambaye mu abin da muke samu ba kafin ta ba da wannan shawara. Wannan ya nuna mini irin iyalan da suka saba zuwa wurinta.

Ni da maigida muka zauna da takardun harajinmu muka bi na'urar ƙiyasin kuɗi da doka ta wajabta wa jami'o'i su sa a shafinsu. Abin da ya fito ya juya jerin gaba ɗaya. Fensilbaniya ba ta ba da tallafi don ƙwazo, sai don buƙata, amma daga shekarar karatu ta 2025 ta ce iyalin da ke samun dala 200,000 ko ƙasa da haka, mai dukiya daidai misali, ba zai biya kuɗin karatu ba. Jami'ar New York tana da irin wannan alƙawari, amma iyakarta dala 100,000 ce, kuma albashina da na motocin in an haɗa sun ɗan haura. Mishigan da Berkeley jami'o'in jiha ne, 'ya'yan jiharsu suka fi tallafa wa. Ɗan wata jiha kuɗinsa ya haura dala 75,000 a shekara. Sai ga shi makarantar da ta fi wuyar shiga ita ce za ta fi mana sauƙi a aljihu cikin manyan, Ross ɗin da 'yata ta fi kusa da samu kuma ita ce za ta fi tatse mu. Jami'ar jihar Ohayo, inda makarantar kasuwanci ta Fisher take, kuɗin karatun ɗan jiha a shekarar karatu ta 2025 dala 13,000 da 'yan kai ne, ban da ɗaki da abinci. Duk wannan ya kamata a ce yana cikin rahoton da ake kira auna dama. Gurbin da ba za ka iya biya ba, samunsa da rashinsa ɗaya ne a wurina. Ƙari a kan haka, mai ƙaramar sana'a irin ta maigida sai ya cike fom ɗin neman tallafi na CSS Profile ban da na gwamnati, FAFSA, a jami'o'i masu zaman kansu da yawa, kuma shi yana tona asirin kasuwancin sosai. Ko ambatonsa ba a yi ba.

Rahoton da ya iso shafi goma sha huɗu ne. Huɗu daga ciki na 'yata ne zalla, kuma suna da kyau. Sauran goman kwafi ne da ake liƙa wa kowa: yadda ake neman wasiƙa daga malami, jadawalin watanni, da makamantansu. A wurare biyu an kira 'yata da "shi", alamar daga rahoton wani yaro aka ɗebo. Wannan abin dariya ne kawai. Wanda ba na dariya ba shi ne bayanin Kelley ta jami'ar Indiyana, wadda matar ta ƙara mana a jeri. Kelley ta daɗe da ƙa'ida a rubuce cewa mai maki kaza a GPA da kaza a jarrabawa an ɗauke shi kai tsaye, kuma rahoton ya rubuta mana wannan ƙa'ida ya ce 'yata ta haye. Da na shiga shafin makarantar lokacin cike fom sai na tarar an sauya tsarin ga masu shiga a 2026, yanzu sai an duba takarda baki ɗayanta. Na aika wa kamfanin saƙo. Sun amsa da sauri, sun ba da haƙuri, sun aiko da shafin da aka gyara. Na yaba da hakan, amma ni ce na gano, ba su ba. Dokokin nan suna canjawa kusan kowace shekara. Fensilbaniya da jami'ar jihar Ohayo duk sun dawo da wajabcin SAT ko ACT ga masu shiga a 2026, bayan shekarun da aka bar wa ɗalibi zaɓi. Ko me aka rubuta muku a rahoto, ku koma shafin jami'ar ku gani da idonku.

Sai talla. Tun kafin rahoton ya iso aka fara kirana, ba matar ba, wani saurayi daga ofishinsu mai zaƙin baki. Babban kunshi dala 6,500, har zuwa ranar 1 ga Mayu da ɗalibai ke tabbatar da zaɓinsu. Da na ce a'a, ya ce akwai na dala 3,200. Da na sake cewa a'a, ya fara ba ni labarin iyayen da suka yi da-na-sani. Ya kuma kawo shawarar 'yata ta shiga wani shirin bazara na makonni biyu a harabar wata babbar jami'a kan dubban daloli, ta kuma kafa ƙungiyar agaji kafin Satumba don a samu abin rubutawa. Na ce masa abokiyar aikinsa da bakinta ta ce irin waɗannan shirye-shirye na biya-ka-shiga ba su ƙara wa takarda nauyi, kuma masu karantawa suna gane ƙungiyar da aka kafa wata uku kafin cike fom. Ya ce ra'ayi ya bambanta. Kamfani ɗaya, baki biyu. Sai da na toshe lambar.

Wa ya kamata ya sayi ƙaramin? Iyaye irinmu, da ba su bi wannan tsari da kansu ba, kuma makarantar 'ya'yansu ba ta da wadatar masu ba da shawara. In ɗanku yana makarantar da malami ɗaya ke kula da ɗalibai kaɗan, ko kuna da ɗan'uwa da ya gama ɗaya daga waɗannan makarantu kwanan nan, ku riƙe kuɗinku. Yawancin bayanan suna nan kyauta, matsalar ita ce sanin abin da za ka nema. Kafin ku biya ku tambayi sunan wanda zai zauna da ku, ku tambaya ko ya taɓa aiki da masu neman makarantun kasuwanci musamman, ku kuma ce tun farko kuna son a ware lokaci don maganar kuɗi. In aka ce muku ana ba da tabbacin gurbi, ku kashe wayar.

Jerin da 'yata ta tura a ƙarshe bai yi kama da na farko ba. Ta cire Haas da McCombs da kanta. Ta sake zama SAT a watan Agusta, lissafin ya hau 750. Ba mu sa hannu a alƙawarin kowa ba. Ta nemi Ross da Kelley da Fisher da wuri ba tare da alƙawari ba, ta ƙara makarantar Farmer ta jami'ar Miami da ke nan Ohayo, da Lindner ta jami'ar Cincinnati, inda tun 1906 ake tsarin da ɗalibi ke cuɗanya zangon karatu da zangon aiki mai albashi. Wharton da Stern ta tura a watan Janairu tare da kowa. Ina wannan rubutu ne amsoshi biyu sun zo daga gida na uku, duka an ɗauke ta, ɗaya har da ragin kuɗi. Manyan sai ƙarshen Maris. Da gangan na rubuta kafin su zo, don kada murna ko haushi ya sa in ba matar lada ko laifin da ba nata ba.

Ƙanin yarinyar yana aji 9, kuma shi ma ya fara maganar Wall Street, cibiyar harkar kuɗi ta New York. Shi a ƙarshen aji 10 zan kai shi, kafin ya cike takardar zaɓen darussa, lokacin da akwai sauran shekara biyu na gyara layin lissafi. Wurin matar nan zan koma in tana nan, da sharaɗin kada a ba ofishin tallarsu lambata.